Gavin da Gida Huɗun da Suka Rage

Duk wanda ya zauna a layinmu na Preston, can arewacin Melbourne, ya san Gavin Treloar ko da bai so ba. Mutum ne da tun da uwarsa ta haife shi ba a taɓa jin "ban iya ba" a bakinsa ba. Shi ne ya yi kiwon zuma na wata biyu, layin gaba ɗaya ya kumbura. Shi ne ya ƙera kwalekwale a ɗakin ajiyar bayan gidansa, sai da ya buga ƙusa ta ƙarshe ya lura ya fi ƙofar faɗi. Yana nan har yau, matarsa Narelle tana zuba tsofaffin takalma a ciki. Amma in ka ji Gavin yana ba da labarin waɗannan abubuwa, sai ka rantse lambar yabo aka ba shi.

Akwatin kiɗan kuwa a kasuwar ranar Lahadi ya tsinto shi. Baƙi ne, bai fi farantin shayi girma ba, da maɓallai goma sha shida a jere, kowanne da 'yar fitilarsa. Masu wannan harka suna kiran kowane maɓalli gida. Ka zuba sauti a gida na ɗaya, ka zuba wani a na biyu, har ka jera karin waƙarka, sannan ka tayar da shi. Haske sai ya riƙa gudu daga hagu zuwa dama yana buga abin da ya tarar a kowane gida, in ya kai ƙarshe ya koma farko ya ɗauki layi na gaba. Mai sayarwa ya miƙo masa littafin bayani, Gavin ya tura masa abinsa ya ce littafi na masu koyo ne.

Kwana bakwai da sayen akwatin aka zauna cin abincin rana a gidan surukansa, Merv da Beryl Hocking, kowa fuska ba walwala. Saura mako biyu a yi bikin cikarsu shekara hamsin da aure, ga shi Anti Thelma, ƙanwar Beryl, ta faɗo daga tsani garin tsinkar lemun tsami, hannun dama ya karye. Ita kaɗai ce a duniya ta iya buga kiɗan da mahaifinsu ya ƙirƙira wa auren Beryl, wals, wato kiɗan rawar mace da namiji mai taku uku, wanda ba a taɓa rubuta shi ko ɗaukar sa a faifai ba.

Ba kiɗan kaɗai ba ne abin damuwa. Ranar auren, Merv bai yi rawar nan da amaryarsa ba. Tsoro ya kama shi, ya ce ƙafarsa ke ciwo, wani ɗan'uwanta ya rufa asiri ya taka da ita. Shekara hamsin Beryl ba ta taɓa tayar da maganar ba, shi kuma shekara hamsin abin yana cin sa. Bana, bayan an canja masa ƙugu, ya yi mako shida yana riƙe da kujera a kicin yana ƙirga ɗaya, biyu, uku. Likitan da ke koya masa tafiya ya ce minti uku ya yarje masa, ko daƙiƙa ɗaya kada ya ƙara.

Merv ya ture farantinsa ya ce, "To, shi ke nan. Da ma ban cancanta ba."

Gavin ya goge baki, ya bugi ƙirji. "Wa ya ce shi ke nan? Thelma, bakinki bai karye ba ai. Ki rera mini, in zuba a akwatina. Kafin shayi ya huce an gama."

Thelma ta dube shi ta saman tabarau. "Wane akwati? Na zuman?"

"Na kiɗa. Yanzu duniya ta wuce zamanin yatsu."

Narelle ta taka masa ƙafa a ƙarƙashin tebur, amma ta makara. Idon Merv ya riga ya kawo haske, Beryl kuma ta ɗora hannunta a kan nasa.

Washegari da hantsi Gavin ya sauka a falon Thelma da akwati a hammata. Ta zauna da hannu a ɗaure, ta gyara murya ta fara rerawa, shi kuma yana laluben sautuka ɗaya bayan ɗaya. A yi masa adalci, kunnensa ba laifi. Kowane taku ya ci gida huɗu, taku uku suka ci goma sha biyu, Thelma ta yi shiru.

Ya ce, "Ci gaba."

"Layin ya ƙare."

"Bai ƙare ba, saura gida huɗu."

"Babana bai bar saura ba."

"To akwatin ya ce saura huɗu. Duba, ga su nan a buɗe."

"Akwatin ya san babana ne?"

Gavin ya yi dariyar wanda ke haƙuri da tsofaffi. Ya ce a zamanin da mutane ba su da kayan aiki, shi ya sa suke tsayawa a uku. Thelma ta ce a zamanin da mutane suna da kunya, shi ya sa. Haka suka yi layi takwas, kowanne ya bar gida huɗu fayau. Da zai fita ta cika masa leda da lemun tsamin da ya kayar da ita, ta ce ya tsotsa ko bakinsa zai ɗan tsuke.

A gida ya zauna yana kallon gidajen nan huɗu, suna damunsa kamar giɓi a baki. Can sai dabara ta faɗo masa. Ya zuba wani siririn sauti a uku na farko, tiri-ri, a na ƙarshe kuma ya zuba wani mai kauri da ke fitowa kamar gyatsar saniya, bwop. Ya tayar da akwatin, ya lumshe ido. Daɗi ya kama shi har ya tashi ya zaga kwalekwale sau biyu. Ya ce wannan shi ne hatiminsa, kowane babban makaɗi yana da nasa.

Ranar Asabar bayan cin abinci 'yan akwati suke haɗuwa a ɗakin da ke saman laburaren unguwa, kowa da na'urarsa da tarin wayoyi. Babbarsu ita ce Thuy Pham, ma'aikaciyar jinya, mace mai ƙarancin magana da ta yi shekara ashirin tana wannan harka. Gavin ya shigo yana gaishe su ɗai-ɗai kamar mai neman ƙuri'a, ya ture kayan wani ya kafa nasa, ya saki kiɗa.

Thuy ta saurara tana ƙirgawa da yatsa a kan tebur. Ta ce, "Wals ne wannan?"

"Na zamani."

"Mutum ne zai taka, ko doki?"

"Surukina ne."

"To surukinka ƙafa biyu gare shi, kuma uku zai ƙirga. Riƙe wancan maɓallin na gefe, ka danna gida na sha biyu, hasken zai riƙa juyowa daga nan. Aikin daƙiƙa biyu ne."

Gavin ya rufe akwatin da tafin hannu. "In kulle gida huɗu? Thuy, wanda ya ƙera abin nan ya yi masa gida sha shida, kuma ba mahaukaci ba ne. Ku kun saba bin ƙa'ida, shi ya sa har yau kuke saman laburare."

Wani mai gemu a kusurwa ya ce, "Kai kuma kana ina, gwani?"

"Ku zo kulob ɗin masu mirgina ƙwallo Lahadin mako mai zuwa, ƙarfe biyu, ku ga inda nake. Dukkanku na gayyace ku. Akwai kek."

Thuy ta ce, "To ko ba komai, kafin ka kashe shi ka tuna ka danna…"

"Na sani, na sani." Bai sani ba. Ya dai tsani a koya masa abu a gaban jama'a. A ranar kiɗan bai goge ba don kawai tsohon mai akwatin ya bar ƙananan batura a ciki, su suka riƙe kiɗan har gida, suna gab da mutuwa. Gavin ya jona shi a bango, ya zubar da su, bai ko yi tunanin abin da suka yi masa ba.

Daga Litinin zuwa Laraba kiɗan bai tsaya ba. Maƙwabcinsa Kosta, mai sayar da soyayyen kifi, ya leƙo ta saman katanga da tsumma a kafaɗa.

"Aboki, wace babbar mota ce ke ja da baya a gidanka kwana uku ba ta fita ba?"

"Kiɗa ne, Kosta. Ba a yi shi don kunnen mai kifi ba."

"To ka zo ka yi wa Kyaftin bayani. Ya daina kiran sunana, ya daina zagin mai kawo wasiƙa. Saurara."

Kyaftin farin aku ne mai tukku, ya fi Kosta daɗewa a layin. Daga cikin kejinsa ya buɗe baki ya rero waƙar mahaifin Beryl tsaf, ɗaya, biyu, uku, sannan ya miƙe tukku ya ce tiri-ri, bwop. Gavin ya washe baki har kunne. Ya ce ka gani, har tsuntsaye sun san abu mai kyau.

Ranar Alhamis da safe Narelle ta shiga ɗakin ajiya za ta yanke ciyawa. Ta ga waya a jikin bango, ta zare, ta jona injinta. Da Gavin ya dawo ya mayar da wayarsa ya danna, sai haske ya bi gida goma sha shida yana gudu cikin shiru. Ba wals, ba tiri-ri, ba bwop.

Ya fito tsakar gida hannu a ka. "Narelle, kin kashe ni. Kin goge aikin kwana goma."

Ta kashe injin ta dube shi. "Abin da za a zare waya ya ɓace, shi za ka kai gaban mutum tamanin? Babu inda ake dannawa ya adana?"

Akwai wani jan maɓalli a kusurwar dama, rubutun jikinsa ya goge saboda tsufa. Gavin ya daɗe da yanke hukunci a kansa.

"Babu. Wancan ja ne, kuma duk abin da aka shafa wa ja, na gogewa ne. Kowa ya san haka."

"Kira Thuy ka tambaye ta."

"In kira Thuy? Gara in haɗiye akwatin."

Narelle ta matso kusa, muryarta ta sauka. "Gavin, jiya na tarar da Baba a kicin ya saki kujerar, yana yi shi kaɗai. Ya yi aski, ya kai rigarsa guga. In ka kunyata shi, a kwalekwale za ka koma kwana."

Wannan magana ta shige shi, don yana son tsohon da gaske. Sai dai shi Gavin in tsoro ya kama shi ba tambaya yake yi ba, sabuwar dabara yake ƙirƙirowa. Tunda kashe akwati ke goge kiɗa, to ba za a sake kashe shi ba har a gama biki. Ya buɗe gaban motarsu ya ciro batir, ya haɗa shi da akwatin da wayoyi biyu da salatif, ya ɗora duka a baro, ya tura har ƙofar Thelma.

Ta buɗe ta gan shi, ta ga baro. "Kai ne kuma? Me ka rushe?"

"Gyara nake so in ƙara. Ki sake rerawa."

"Ya goge ke nan."

"Bai goge ba, hutawa ya yi."

Ta rera, don 'yar'uwarta. Layi takwas suka koma mazauninsu, Gavin ya bi kowanne ya manna masa hatiminsa a gida huɗun ƙarshe, Thelma tana kallonsa tana girgiza kai. Ya tura baronsa gida, ya kafa masa kwali mai rubutu da manyan baƙaƙe cewa duk wanda ya taɓa, shi ya sani.

Ranar Lahadi Narelle ta fito da tire huɗu na kek mai garin kwakwa, ta shiga mota ta murɗa makulli. Ko tari motar ba ta yi ba. Ta fito a hankali ta tsaya tana kallon baro, tana kallon mijinta da ya sha baƙar kwat da jan furen roba a aljihu.

Ya ce, "Tafiyar minti ashirin ce kacal. Motsa jiki ne."

Narelle ta juya ta nufi gidan maƙwabci. Kosta ne ya kwashe ta da kek a motar kifinsa. Gavin kuwa ya kama hannun baro ya hau titi. Don ya tabbata kiɗan na nan da rai, ya jona ƙaramar lasifika ya bar shi yana bugawa. Bai kai kwanar layi ba wata mata ta fito da gudu da jaka a hannu tana zaton mai talla ne, tana tambaya ko akwai askirim mai mangwaro. Masu shan kofi a bakin shago suka miƙe suna tafa masa, wasu suka bi bayansa. Wani dattijo ya cire hula ya riƙe a ƙirji, a zatonsa jana'izar wani kare ce. Karnukan layin ma suka biyo shi su uku, duk sanda aka ce bwop sai su amsa. Gavin yana ɗaga wa kowa hannu, gumi na bin wuyan kwat.

Zauren kulob ɗin ya cika. An jera tebura da farin ƙyalle, babbar tukunyar shayi na huci a kusurwa, tsofaffin abokan aikin Merv na zamanin da yake tuƙa taragon cikin gari sun zo da matansu. 'Yan saman laburare su ma sun zo su shida, sun kama teburin da ya fi kusa da kek. Gavin ya turo baro ta tsakiyar fili har gaban dandamali, ya haɗa akwatin da manyan lasifikun zauren, ya karɓi makirufo ba wanda ya ba shi.

"Jama'a, yau za ku ji abin da yatsu goma suka kasa cikin shekara hamsin."

Thelma ta ce daga kujerarta, "Yatsu biyar ma sun isa su mare ka."

Aka yi dariya. Merv ya miƙe, ya jingine sandarsa a jikin tebur, ya miƙa wa Beryl hannu. Da suka zo wucewa ya ce wa Gavin ƙasa-ƙasa, "Minti uku gare ni, ɗana. Na gode." Narelle ta duba agogonta. Ma'aurata kamar goma suka fito suka kewaye su don taya su. Gavin ya danna.

Sautin farko na fitowa Beryl ta runtse ido, don waƙar babanta ce, babu ko shakka. Merv ya ƙirga a fili, ɗaya, biyu, uku, ya taka su daidai kamar yadda ya yi a kicin, ya ɗaga ƙafa zai sauke a kan ɗaya na gaba.

Tiri-ri, bwop.

Ƙafar ta tsaya a sama. Ƙafafu ashirin na sauran ma'auratan su ma suka tsaya a sama, kowa na neman inda zai ajiye tasa. Kafin su gano, layi na biyu ya taho. Rabinsu suka bi shi a guje, rabi suka tsaya jira. Ɗaya, biyu, uku, tiri-ri, bwop. Wani dogo ya taka wa matarsa siket, ita kuma ta cafko wuyan rigar na kusa da ita. Ma'aurata biyu suka yi karo da baya, suka juyo suna ba juna haƙuri, bwop ya sake riskar su suka sake karo. Mai gemun saman laburare ya kwanta a kan tebur yana bubbuga shi, garin kwakwa ya cika masa gemu.

Gavin ya ce a makirufo, "Ku saki jiki, na zamani ne. In kun ji bwop ku ɗan yi tsalle."

Wata tsohuwa ta ce, "Da wane gwiwar?"

Ya ga abin na neman ƙwacewa, sai ya yi tunanin in ya ƙara sauri gida huɗun za su wuce ba a lura ba. Ya murɗa. Waƙar ta zabura kamar an watsa mata ruwan zafi, tiririn ya koma fito. Ya kai hannu zai rage, ya murɗa na kusa da shi, sautin ya rikiɗe ya koma kukan kwaɗi a rijiya. Karnukan da suka rako shi suka ɗauka daga bakin ƙofa. Wasu tsofaffi biyu da suka fid da rai da wals suka kama tsalle-tsalle abinsu, mai zuba shayi ta biye musu da buta a hannu, zauren ya kaure da dariya har da masu share hawaye.

Gavin na cikin murɗe-murɗensa ya ɗaga kai ya hango Merv. Tsohon ba ya dariya. Ya saki Beryl, ya ja baya ya dafa tebur, yana laluben sandarsa da ɗaya hannun, kansa a ƙasa. Beryl na tsaye ita kaɗai a tsakiyar fili da rigarta mai ruwan toka, kamar yadda aka ce ta tsaya shekara hamsin da suka wuce. Narelle ta ɗaga agogo ta nuna wa mijinta yatsa ɗaya, minti ɗaya ya tafi. Hannun Gavin ya tsaya cak a kan akwatin.

Thuy ta ajiye kek ɗinta, ta goge yatsu, ta hau dandamali ba gaggawa. "Matsa."

Ya matsa. Wannan ne karo na farko da aka ce wa Gavin Treloar matsa ya matsa. Ta mayar da sauri inda yake, ta mayar da sautin, ta riƙe maɓallin gefe ta danna gida na sha biyu. Fitilu huɗun ƙarshe suka mutu. Haske ya zo sha biyu ya juya, waƙar ta fito sumul, ɗaya, biyu, uku, ɗaya, biyu, uku, ba abin da ya tsaya mata a hanya.

Beryl ta tako da kanta ta ɗauke sandar daga hannun mijinta ta miƙa wa Narelle. Ta ce, "Merv Hocking, yau kam ba ka da ciwon ƙafa. Taso."

Ya taso. Sauran ma'auratan suka ja baya suka bar musu fili. Ya fara yana ƙirgawa da leɓe, can ya daina ƙirgawa. Thelma ta cire tabarau tana goge ido da hannun hagu.

A kan dandamali Thuy ta dubi baro ta ce ƙasa-ƙasa, "Batirin mota na mene ne?"

"Don kada ya goge."

"Ba ka adana ba? Ga shi nan, jan nan. Bari in…"

Gavin ya kare shi da hannu biyu. Tuni ransa ya dawo, ƙirjinsa ya sake tasowa. "Kul. Wannan na gogewa ne. Kin taimaka, na gode, amma bar wa mai kaya kayansa." Ya ga mutane na kallon wajen dandamali suna murmushi, ya ɗauka shi ake kallo. Ya gyara jan furensa, ya ja da baya taku biyu don ya sami wurin rusunawa, diddigensa ya harɗe wayar batir.

Fitilu sha biyu suka mutu tare. Shiru ya sauka a tsakiyar layi na biyar, ƙafar Merv na sama.

Ba ta daɗe a saman ba. Thelma ta buɗe baki ta ɗora daga inda akwatin ya yanke, da tsohuwar muryarta mai kakkarwa, tana buga taku da filastan hannunta a kan tebur. Kosta, da ya sha waƙar kwana uku ta saman katanga, ya kama mata da muryarsa ta mai kifi. 'Yan saman laburare suka shiga, masu kofi da suka biyo baro suka shiga, kafin layi na bakwai zauren duka na rerawa. Gavin na zaune a cikin baro inda ya faɗa, waya a ƙafa, shi ma ya sami kansa yana rerawa, kuma da aka zo ƙarshen layi ya danne bakinsa da hannu don kada wani abu ya kuɓuce.

Narelle ta duba agogo, minti uku sun cika. Ta cire shi ta jefa a jaka. Sai da aka zagaya waƙar sau biyu Merv ya tsaya, yana haki, Beryl ta kwantar da kai a kafaɗarsa.

Da aka zauna shan shayi Gavin ya zo wajen surukinsa yana jan ƙafa. Ya buɗe baki zai ba da haƙuri, abin da ya fito shi ne, "Ka lura da yadda na yanke shi daidai inda ya kamata jama'a su shigo?"

Merv ya dube shi, ya tura masa farantin kek. "Ci, ɗana. In bakinka na cike ka fi daɗin zama."

Thuy ta karɓi akwatin ranar Asabar ta nuna wa kowa jan maɓallin, ta danna, ta zare waya ta mayar, kiɗan da ta zuba na nan daram. Gavin ya ce ai da ma ya yi zargin haka. Wals ɗin ya sake shiga akwati, da gida goma sha biyu, an adana shi sau uku. Aikin Gavin kuwa wuri ɗaya tak ya tsira a duniya, a bakin Kyaftin. Duk safiya tsuntsun nan sai ya rera shi daga farko, kuma Kosta ya yi rarrashi ya yi barazana a banza. Makon jiya Merv ya zo ziyara, ba sanda, yana taka hanyar ƙofa yana bin waƙar da ke fitowa ta saman katanga. Ɗaya, biyu, uku, Kyaftin ya miƙe tukku ya ce tiri-ri, bwop, ƙafar tsohon ta tsaya a sama da kanta. Ya tsaya a haka da ƙafa ɗaya, ya leƙa ta tagar ɗakin ajiya ya ce, "Gavin, fito ka sauke ni."